Kwamfutar Aikin Ubangiji

Clinton bai taɓa niyyar cutar Allah ba, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Niyyarsa kawai ita ce dattawan ikilisiya su saya masa kwamfutar buga gem, su kuma yi masa godiya a kai.

Ikilisiyar ƙarama ce, a wani ƙauye bayan Kwoi, inda kowa manomin citta ne har da fasto. Bana citta ta yi albarka, baikon godiya ya yi kauri, sai dattawa suka ce lokaci ya yi da su ma za su riƙa haska waƙoƙi a bango kamar manyan majami'un Kafanchan. To wa ya san kwamfuta? Sai Clinton, mai kula da lasifika, saurayin da iyaye ke nuna wa 'ya'yansu su ce ku yi koyi da shi. Ba ya shan burkutu, ba ya fashin sujada, ya iya durƙusawa gaban manya. Abin da ba su sani ba shi ne, ya daɗe yana kallon wasu a waya suna buga wani gem na harbe-harbe yana haɗiyar yawu, don tsohuwar laftof ɗinsa da ya buɗe gem ɗin sai ta ɗau zafi ta mutu. Ga shi an yanke cewa a ɗakinsa sabuwar kwamfutar za ta riƙa kwana, tunda tagogin majami'a ba su da ƙarfe. Daga Litinin zuwa Asabar tasa ce ke nan.

Sai dai duk mafarkin a kan abu ɗaya ya rataya, wato katin hoto, wani ƙaton ƙarfe mai fanka da ake sokawa a cikin kwamfuta. In babu shi babu gem. Kuma shi ya fi komai tsada.

A wannan ikilisiya ko tsintsiya ba a saye sai an kafa kwamiti. Aka naɗa Baba Silvanus shugaba, dattijon da bai taɓa yarda da abin da bai ɗaga da hannunsa ba, aka haɗa shi da Mama Keziya ta Zumuntar Mata. A gabansu Clinton ya yi wa'azin da ko fasto bai taɓa yin irinsa ba. Ya ce furosesa ita ce fasto a cikin kwamfuta, ba a ɗauko rago. Ya ce ram benci ne, in ya yi kaɗan jama'a a tsaye za su yi sujada. Da ya iso kan katin hoto sai ya sassauta murya, ya ce wannan ba don kansa yake roƙo ba, don tsofaffi ne masu ciwon ido, su ga baƙaƙen waƙa ɓaro-ɓaro kafin Ubangiji ya kira su. Mama Keziya, wadda ta daɗe tana rera baitin da ba shi ake yi ba, ta share hawaye da bakin zani ta ce a sa katin.

Ranar Asabar suka shiga mota sai Kafanchan, shagon Musbahu, wani saurayi mai fara'a da ke yo odar kayan kwamfuta daga Legas yana haɗawa. Musbahu ya baje kaya a kan tebur, aka fara ciniki, Clinton kuma ya fara tsufa a tsaye.

Baba Silvanus ya ɗaga kati biyu, ɗaya a kowane hannu, ya rufe ido yana auna su. Sai ya ture babban gefe. Ya ce shi ba yau ya fara zuwa kasuwa ba, duk buhun cittar da ya cika nauyi ɗanya ce aka cusa a ciki, a ba su mai sauƙin nan, shi ne ya bushe. Clinton ya ji kamar ya kurma ihu. Amma ya haɗiye, ya rusuna, ya ce ai Baba wannan ba dangin citta ba ne, dangin doya ne, nauyinsa shi ne albarkarsa. Tsohon ya sake ɗagawa, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce, sannan ya yarda. Ita kuwa Mama Keziya da aka zaɓi ram guda biyu sai ta miƙa hannu ta ce ina gyara, ko kuwa a nan ba a san mutunci ba ne? Musbahu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba ta shimfiɗar linzamin kwamfuta. Da ta ga fankoki masu fitilu kala-kala kuma sai ta ɓata rai, ta ce wannan ai kamar gidan giya, ba za a shigar mata da shi gaban bagade ba. Nan take Clinton ya tuna mata bakan gizon da Allah ya nuna wa Nuhu. Ta ce ashe, to a ƙara ɗaya.

Haka ya yi ta tsallake rami bayan rami, gumi na bin bayansa, har aka kammala. Musbahu ya ɗaura komai a akwati mai gefen gilashi, ya soka katin ya ji ƙas, ya kunna. Fitilu suka kama. Clinton ya tsaya yana kallo, daɗi ya cika shi, don bai taɓa son wani abu a duniya kamar akwatin nan ba.

Musbahu mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya jawo. Ya ce ba zai bari dattawa su tafi da kaya ba tare da sun ga aikinsa ba. Clinton ya gane inda aka dosa, ya ƙifta masa ido, ya yi tari, ya sake yin tari. Musbahu ya miƙa masa ruwan leda, ya ci gaba da danne-danne.

Sai ga wani ƙato a allo da bindiga, yana bin mutane lungu-lungu, jini na fallatsa har a gilashin allon, ƙara ta cika shago.

"Kun gani, Baba?" in ji Musbahu yana washe baki. "Ai ɗanku ya iya zaɓe. Wannan katin don wannan aka yi shi, duk Kafanchan babu gem ɗin da zai gagare shi."

Mama Keziya ta dafe ƙirji ta kira sunan Yesu. Baba Silvanus ya bari sai da ƙaton ya kashe wasu mutum uku, sannan ya juyo a hankali.

"Clinton, ka san da wannan?"

A nan ne Clinton ya ga abin da ke gabansa sarai. In ya ce e, kafin su isa gida labari ya riga su, an karɓe makullin lasifika, uwarsa ba ta ƙara ɗaga kai a Zumuntar Mata. Sai ya buɗe baki ya rantse bai sani ba. Da ya ga ido bai sauka daga kansa ba sai ya ƙara gishiri, ya ce irin wannan abin ne ke lalata samarin zamani, shi ko kallo ba ya iya yi, tsigar jikinsa tashi take. Ya yi maganar da zafi ƙwarai, har Musbahu ya kashe gem ɗin yana ba da haƙuri.

Baba Silvanus ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya tambayi Musbahu ko ana iya cire abin da ke yin wannan ta'asa a bar sauran. Musbahu, da yake ba ya ƙarya a ciniki, ya ce ana iyawa mana, furosesar da aka zaɓa tana da ɗan ƙarfin hoto nata, za ta haska waƙoƙi tsaf, harafi kamar kan mutum in ana so. Gem ne kawai ba za ta iya ba.

"Kai ne masani, ɗana," in ji tsohon. "Mu ba mu san komai ba. Abin da ka ce shi za a yi. A bari ko a cire?"

Clinton ya dubi katin ta cikin gilashi, fankarsa na juyawa a hankali. Ya dubi Mama Keziya, wadda ke kallonsa da alfahari kamar ita ta haife shi.

"A cire," ya ce.

Musbahu ya ɗauko sukundireba, amma Mama Keziya ta tare shi. Ta ce a'a, yaron da ya ƙi Shaiɗan da bakinsa, a bar shi ya fitar da shi da hannunsa, ladan ya cika. Aka miƙa wa Clinton sukundireba. Ya kwance katin, ya zaro shi da ɗuminsa, ya mayar cikin kwali, ya tura wa Musbahu.

A hanyar gida shi aka ɗora wa akwatin a cinya. Suna wuce randabawul Mama Keziya ta ta da waƙar nasara, ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce ya karɓa mata amshi. Ya karɓa.