Ruwan Wankan Baba

Baba na zaune a falo yana kallon ɗansa yana sauya wa kifaye ruwa. Ƙaton akwatin gilashin ya cinye rabin ɗakin, injin tace ruwa sai gurnani yake. Tun jiya ɗan ya tara sabon ruwa don warin magani ya fita, har da taɓawa ya ji ɗuminsa, kada sanyi ya kama kifayensa. Ya zura tiyo ya zuƙo tsohon ruwan cikin bokiti, duk ƙarni da kashin kifi.

"Famfon banɗakina har yanzu ba ya kawowa," in ji Baba a hankali. "Jikina ƙaiƙayi yake."

Ɗan ko juyowa bai yi ba. Ya tura wa Baba bokitin da ƙafa.

"Ga shi, Baba, da ɗuminsa. Su sun gama da shi."