Kwami Na Goma Sha Biyu

Noelene Treloar mace ce da ba ta zubar da kaya. Ƙusa ta lanƙwashe, sai ta miƙar da ita da guduma ta jefa a gwangwani. Tsohuwar igiyar ɗaurin ciyawa kuwa, buhu uku gare ta. Mijinta Merv yakan ce ranar da ya mutu ma sai ta duba ko akwai abin da za a ɓalle a jikinsa a ajiye. Ya rasu wata goma sha huɗu da suka wuce, ta kuwa gaji takalmansa da tabaransa. Takalman suna yi mata in ta saka safa biyu. Tabaran ne dai ba su taɓa yi mata ba, amma ta ce ido zai saba.

Ya bar mata gonar tumaki, tafiyar awa uku daga garin Broken Hill, da kwamin ruwa goma sha biyu a warwatse a cikinta, da wani jirgi maras matuƙi da suke kira Tsohon Soja. Merv ne ya koya wa jirgin hanya shekara bakwai baya. Kowace safiya Noelene takan ɗora buta a wuta, ta fita ta ajiye jirgin a kan murfin tanki, ta danna maɓalli a kwamfutar hannu. Sai ya tashi da ƙara kamar injin markaɗe, ya bi kwami ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan kowanne ya ɗauki hoto. Yakan dawo batir saura ƙiris, ya faɗo a tsakar gida yana tangaɗi. Aikin da ke cin rabin yini a mota, shi kafin shayi ya huce ya gama.

Kwami na goma sha biyu shi ne mafi nisa, can ƙuryar arewa inda shinge ya ƙare. A nan ta zuba tumaki ɗari uku da tamanin, irin da Merv ya shekara talatin yana tacewa, waɗanda ita da shi suka ƙi sayarwa ko a lokacin farin da ya sa suka rabu da sauran garken. Watan Janairu ne, tsakiyar bazara a wannan ƙasa, zafi na haura digiri arba'in da huɗu. A irin wannan zafi tunkiya mai shayarwa ba ta kwana uku babu ruwa.

Wata Talata kwamfutar hannun ta sabunta manhajarta da kanta. Ba ta tambayi kowa ba. Noelene ta danna maɓalli, allon ya ce bai san wannan jirgi ba. Shekara bakwai suna aiki tare kullum, amma wai bai san shi ba! Ta kashe ta kunna, ta hura wa jirgin iska, ta ɗan mare shi a gefe yadda Merv ke yi wa janareta. Tsohon Soja ya zauna a kan tanki yana kyafta jar fitila.

Ta ɗauko shi a kwali ta kai shagon Dario Zanette a gari. Dario tsohon abokin Merv ne, tare suka buga ƙwallo tun suna da gashi. Ya juya jirgin, ya yi ɗan tsaki na tausayi, ya ce kamfanin ya daina kula da wannan samfuri, kuma manhaja in ta yi gaba ba ta komawa baya. Sai dai sabo.

Noelene ta ce to, a ɗora tsohuwar kyamarar a kan sabon, lafiyarta lau. Dario ya ce bakin haɗinsu ba ɗaya ba ne. Ta ce baturan fa, guda huɗu gare ta. Ya ce ba za su shiga ba. Abin sarrafawa? A'a. Fukafukan? A'a. Caja? Dario ya kalli silin. Ko akwatin da ake saka jirgin bai yi ba, ya gaza da faɗin yatsa ɗaya, kai ka ce da gangan aka auna.

"Dario, waɗannan mutanen sun taɓa kiwon wani abu kuwa?" in ji ta. "Ko da kaza?"

"Noelene, ni sayarwa nake yi, ba ni nake ƙerawa ba."

"Ai na gani. Da kai ke ƙerawa da bai tashi ba ma."

Can ta zare ɗan katin memori daga cikin Tsohon Soja, ta zura a ramin sabon jirgin. Ya shige ƙyas. Dario ya ce akwai sabon kati a kwalin, kyauta ne, gara ta yi amfani da shi. Ta ce sabon zai jira lokacinsa a gwangwani. A ranta ta ji daɗi ƙwarai, don ko ba komai ta ƙwato abu ɗaya daga hannun kamfanin. Dario ya kwafe hanyar da Merv ya tsara ya zuba a sabuwar manhaja, ya ƙirga wurare goma sha biyu cif. Ta sayi fai, wato ɗan burodi mai nama a ciki, a gidan mai ta kama hanya.

Sabon jirgin fari ne, mai ladabi, ba ya ko firgita kare. Yana dawowa da wuri, ya sauka a hankali, batir saura kashi ɗaya cikin uku. Noelene ta yaba masa ba da son ranta ba. Tsohuwar manhaja takan nuna hoto ɗaya ya cika allo, sai ka ture shi na gaba ya zo. Wannan kuwa duk goma sha biyun take jerawa lokaci guda, kowanne kamar kan sarki na wasiƙa, da koren maki a gefe da kwanan watan ranar. Akwai wani ɗan rubutu rawaya a ƙasan allon, haruffansa ƙanana kamar ƙwan kiyashi. Ta ɗaga tabaran Merv, ta sauke, ba ta karanta ba. Ta ɗauka talla ce.

Kwana takwas ana haka. Kwami goma sha biyu, ruwa na ƙyalli a kowanne.

Ranar na tara tana shafa man shanu a gasasshen burodi, idonta ya tsaya a hoton ƙarshe. Wani abu kore a gefen kwamin. Ciyawa. A Janairu? Ita da rabonta da ganin ɗanyen ganye a gonar nan tun Satumba. Ta ajiye wuƙa, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ciyawa ce shar, har da furanni. Ta ƙara buɗawa. Ga a-kori-kurarsu ta dā, wadda injinta ya buga tuntuni take ajiye a rumfa ana cire mata sassa. Ga kuma Merv a tsaye kusa da kwamin, sifana a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ɗaga hula yana yi wa sama dariya. A ƙasan hoton an rubuta kwanan watan yau.

Gaskiya ita ce ciyawar ta fara gani kafin mijinta, kuma ta san da yana nan da shi ma ciyawar zai fara gani.

Ta tuna ranar sarai. Ranar farko ce da suka gwada hanyar. Merv bai yarda jirgin zai kai ƙuryar arewa ba, sai ya tafi can da mota ya jira, ita kuma ta tsaya gida ta danna maɓalli. Hoton farko ke nan a katin. Ta zauna tana kallonsa, kewarsa ta taso mata yadda ba ta taɓa yi ba tun ranar jana'iza. Ba ta fi minti ɗaya a haka ba, hankalinta ya ba ta abin da hoton ke nufi. In wannan na shekara bakwai ne, to ina na yau? Ina na jiya?

Ta bar burodin a kan tebur. Ta jefa sifana da guntun bututu a bayan mota, ta yi wa karyarta Tuppence fito.

Tun kafin ta ga kwamin ta ga hankaki. Tumakin sun cure a kewayensa, kawunansu a ƙasa, ba mai kuka. Wannan shirun ne ya fi tsorata ta. Ƙasan kwamin ya bushe har ya daddare. Tankin da ke gefe kuwa cike yake maƙil, ta ƙwanƙwasa ta ji. Ta kwance bakin famfon da ke zuba ruwa daga tankin zuwa kwamin, ta zura waya. Abin da ya fito kwaɗo ne, guda ɗaya, matacce, bai kai tsawon babban yatsa ba.

Ruwa ya ɓalle. Sai ga tumakin da ba su iya ɗaga kai ɗazu sun yo ca, suna hawa juna. Ta san in ta bar su na baya za su tattake na gaba, wasu kuma su sha su fashe. Ta sa Tuppence ta tare su, ita kuma ta tsaya da sanda tana sakin ashirin-ashirin, awa huɗu cur a cikin rana, takalman Merv cike da laka. Waɗanda suka kasa tashi ta kai musu a bokiti, ta riƙe musu haɓa. Wasu sun sha. Wasu ruwan ya bi gefen bakinsu ya zube.

Ashirin da bakwai ba su tashi ba. Ta ɗaure su a ƙafa ta ja su da mota zuwa rami, bibbiyu. 'Ya'yansu suka riƙa bin motar. Noelene ta ji kunya mai tsanani, ta kuma ji haushi, kuma ba ta san wanda za ta sauke wa ba, kamfani ko kwaɗo ko kanta. Ta zaɓi Dario, don shi ne ke da lambar waya.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ta ɗauki hoton rubutun nan rawaya ta tura masa. Ta tura, ya karanta. Ya ce rubutun cewa yake jirgin ya fasa zuwa wuri na ƙarshe. Sabuwar manhaja ba ta yarda batir ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, da ta ga haka sai ta juyo da shi gida. Tsohon Soja ba shi da wannan wayon, shi ya sa yake kaiwa. Ke nan sabon bai taɓa leƙa kwami na goma sha biyu ba ko sau ɗaya. Batun hoton kuma, manhajar tana iya karanta wurin da tsohuwar kyamara ta ɗauki hoto, amma ba ta gane yadda take rubuta kwanan wata. Da ta nemi hoton wurin nan ba ta samu sabo ba, sai ta ɗauko na farko da ta tarar a katin, ta ga ruwa, ta buga masa koren maki da ranar yau.

Noelene ta ce wato da ta saka sabon kati, gurbin zai fito babu komai, da tun ranar farko ta gane. Dario ya ce shi bai ce haka ba. Ta ce ba sai ya ce ba.

Ya ba ta haƙuri, ya ce shi ma da laifinsa, ya kamata ya duba nisan. Ya ce ƙuryar arewa dai jirgin nan ba zai kai ba daga gida, sai dai ta riƙa zuwa da mota. Amma gyaran allon mai sauƙi ne, ta shiga wuri kaza ta goge katin tas, minti ɗaya ya isa.

"In ban goge ba fa?"

"In ba ki goge ba, kullum zai riƙa nuna miki Merv a matsayin hoton yau."

Noelene ta kalli kwamfutar da ke kan tebur kusa da burodin da ya bushe. Merv na nan da hularsa a sama.

"Kullum?"

"Kullum. Har sai ranar da suka sake sabunta manhajar, lokacin ƙila su gyara."

Ta jawo kujera ta zauna, ta goge tabaran da gefen riga, ta ɗauko biro da bayan wata tsohuwar ambulan.

"To, Dario," ta ce, "faɗa mini a hankali. Ina ake dannawa a hana ta sabuntawa?"