Rigar Barci Mai Hoton Zomaye

Ranar Asabar ce da safe, ina tsugune ina wanki a bayan gidanmu a birnin Iloilo na ƙasar Filifin, wayata ta yi ƙara. Manang Delia ce, yayata da ke aikin jinya a Amurka. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Perlita, rigar barcin nan da na sako wa Tintin a kwalin Kirsimeti, tana ina?"

"Wacce? Mai hoton zomaye?"

"Ita. Ki raba ta da ita yanzu-yanzu. Kamfanin ya turo min saƙo, wai sun janye su daga kasuwa. An gwada yadin, wuta na shafarsa yake kamawa. Ga ta doguwa, ga faɗi."

Na miƙe, kumfa na ɗiga daga hannuna. Tintin 'yata ce, shekararta biyar, kuma ba ta gida. Kwana goma ke nan da muka tsallaka da ita tsibirin Guimaras hutu wajen Nanay, mahaifiyarmu. Da hannuna na ninke mata rigar na sa a jaka, don ta yi ta birgima a ƙasa sai da ita za ta tafi. Yarinyar ba barci kawai take yi da ita ba. In ba a matsa mata ba, da ita take yini, tana jan bakinta a ƙasa wai ita gimbiya.

A gidanmu da gas muke girki, a kan tebur mai tsawo. Nanay kuwa murhunta a ƙasa yake, itace da ɓawon kwakwa take hurawa, kuma na san wanda take miƙa wa mafici duk safiya.

Na kira Nanay sau bakwai, waya a kashe. Halinta ke nan. Sai za ta kira mutum take kunnawa, wai kar caji ya ƙare.

Mijina Rodel yana ƙofar gida yana goge babur. Na faɗa masa, ya ce, "Haba, wata huɗu tana sa rigar nan, me ya same ta? Turawa fa tsoro ya yi musu yawa."

"Wata huɗun a gaban murhun Nanay ta yi su?"

Ya dube ni, ya jefar da tsumman, ya shiga ya ɗauko makulli.

Tsallakawa zuwa Guimaras ba ta kai rabin awa, amma ranar gani nake kamar jirgin ruwan a tsaye yake. Wata mata kusa da ni ta miƙo min gyaɗa, na karɓa, har muka sauka tana dunƙule a hannuna. Rodel ya ce min sau uku ba abin da zai faru. Na ukun ban ma san ko da ni yake ba.

Babur ɗinmu a tashar jirgi muka baro shi, don haka da muka sauka ɗan acaɓa ne ya ɗauke mu mu biyu. Tun daga gonar mangwaro na hango hayaƙi yana tashi a bayan gidan Nanay, irin na kullum. Babur bai gama tsayawa ba na dira.

Tintin tana nan tsugune a gaban murhu, mafici a hannu, tana fifita wuta da iya ƙarfinta. Gajeren wando ne a jikinta da wata tsohuwar singileti. Na sure ta sama, na matse ta har ta ce, "Mama, kina karya ni!"

Nanay ta ɗago daga kan busasshen kifin da take gasawa. "Lafiya? Wa ya mutu?"

"Nanay, ina rigar barcinta?"

"Au, kan riga kuka biya kuɗin jirgi ku biyu? Tambayi mai ita."

Tintin ta ja hannuna zuwa ƙarƙashin matakalar gora. Akwai kwando a wurin. A cikinsa mage ce kwance da 'ya'ya huɗu da ko ido ba su buɗe ba, a ƙarƙashinsu kuma ga rigar zomayen Manang Delia, ta yi duƙun-duƙun.

"Sanyi suke ji, shi ne na ba su," in ji Tintin. "Kaka ta ce idan na ba su, na ba su ke nan."

Rodel ya fashe da dariya har da riƙe bango. Ni zama na yi a kan matakala.

Da na yi wa Nanay bayani, sai ta taɓe baki. "Ku bakwai na raina a gaban murhun nan, wa ya ƙone? Yayarki ta daɗe a can, ta koyi firgita mutane."

Dama tun a wayar safe Manang ta ce kamfanin so yake a datse rigar gida biyu a tura musu hoto. Rodel ya lallaɓa ya zare ta daga kwandon, mage ta bar masa shaida a bayan hannu. Na sa almakashi na raba ta. Nanay ta ce, "Ba ni nan in gani." Ta yanki ƙyalle kamar tafin hannu biyu, ta maƙale shi a bakin sanda, ta kai kusa da wuta.

Ban ga lokacin da ya taɓa harshen wutar ba. Ji na yi kawai fuu! Wuta ta haye shi daga ƙasa zuwa sama kafin Nanay ta saki sandar. Abin da ya rage ya narke, yana ɗiga baƙi ƙirin kamar kwalta, ya manne wa dutsen murhu. Warin roba ya cika wurin.

Kifi ya fara ƙonewa, Nanay ba ta juya shi ba.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kwana uku na farko da ita ta zauna nan. Nan ɗin nan. Har na ce mata ta tattare bakin rigar." Ta jawo Tintin, ta ɗora ta a cinya, tana shafa mata ƙafafu kamar mai neman wani abu. Sannan ta daka min tsawa: "Ke kuma tsaye kike? Je ki kira yayarki, tana can tana jira!"

Sai da na hau tudun bayan coci na samu sabis. Manang ta ɗauka tun ƙarar farko. Na ce mata lafiya lau, ta yi kuka, ta yi dariya da ta ji labarin magen, sannan ta dawo tana yi min faɗa kan me ya sa ban saya wa Nanay waya ta kirki ba.

Da na dawo, na tarar da Tintin tana kuka wiwi, wai an bar 'ya'yan mage a kan kwando tsura. Rodel ya tuɓe rigarsa ya ba ta, ya zauna daga shi sai singileti. Muka ci shinkafa da ƙonannen kifi da tumatir, na yi ƙari har sau biyu. Bayan nan na kishingiɗa a kan bencin gora in ɗan huta kafin mu koma, ban farka ba sai da rana ta yi sanyi.