Dalolin da ke Cikin Bango

Anselmo Ferreyra bai yarda da kuɗin da ba zai damƙa a hannu ba, kuma a birninsu Rosario ba mai ganin laifinsa. Shekarar da gwamnati ta kulle ajiyar jama'a a bankuna, shi da matarsa suna cikin masu zanga-zanga suna buga tukwane a titi. Da aka sako musu guminsu, an mai da dalolinsu peso, kuɗin ƙasar, ko rabin darajarsu ba su kai ba. Matar ta rasu a gidan haya.

'Yarsa Maite tana aikin jinya a birnin Valencia, can ƙasar waje. Duk wata takan turo masa dalar kirifto ta waya, wadda ba ta bi ta banki balle hukuma ta sa mata hannu. Burinsu su sayi gidan da yake haya, ita kuma ta dawo gida.

"Baba, ka bar su a cikin wayar," in ji ta. "Ba peso ba ne da zai narke kafin Asabar."

"To, likita, na ji."

Ina! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da kuɗin sun shigo sai ya nufi wajen Tano, ɗan canjin da ke bayan shagon takalma, ya mai da su takarda. Ya naɗe su a jarida, ya tura a wani rami cikin bangon kicin, ya mai da tayil ya liƙe. Bai taɓa gaya mata ba, don ya san faɗan da zai sha.

Ana nan sai Doña Herminia, mai gidan, ta yarda za ta sayar. Anselmo ya ɗauko guduma yana murna, ya fasa bangon sosai don ya kwaso na can ƙasa. Wari ne ya fara tarbarsa. Ashe bututun ruwa ya daɗe yana tsatstsafa a ciki. Na sama sun yi funfuna, na ƙasa sun manne da jarida sun zama curi guda.

Tano ya juya curin da bakin biro.

"Don Anselmo, ɗigon tawada ma rage wa dala farashi yake a garin nan. Wannan ai kunu ka kawo mini."

"Banki fa?"

"Su tambaye ka inda ka samo su, ka ce me?"

Ya koma gida ya ja labule, ya shanya 'yan da suka ɓanɓaru a kan tebur. Baƙin ciki ya tokare shi, ga kunya, don wannan karon ba gwamnati ce ta cuce shi ba. Yana cikin haka waya ta yi ƙara.

"Tsohona, Doña Herminia ta kira ni," muryar Maite cike da dariya. "Buɗe wayar ka faɗa mini abin da ya taru."

Ya dubi teburin.

"Maite, kada ki ajiye aikinki tukuna."

Ta cikin wayar yana jin motoci na wucewa a can ƙasar mutane.

"Baba, ai jiya na ajiye."