Sannu Babu Wutsiya

"Baba, ba ni basillar nan! Ba ni, na ce!"

Ta kan katanga na jiyo muryar 'yar Baduku, wadda take aikin nas. Na zagaya. Na same shi zaune a bakin gado, ya tura hannu ƙarƙashin cinya kamar wanda ya saci nama a tukunya. Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka, ni ina walda, shi yana ɗinkin takalma a ƙofar gidansa, ban taɓa ganin ya ɓoye wa kowa komai ba.

"Kawu, ka yi masa magana," ta ce. "Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ko tsintsiya kada ya ɗaga."

Ta ƙwace basillar, ta jefa a akwatin aikinsa, ta datse kwaɗo, ta fita da makullin.

Ni ban iya lallashi ba. Na ce, "Tsoho, kai ma da neman magana. An ba ka abinci, an ba ka magani, ga fanka a kanka. Me kuma ya rage? Ni da zan samu haka, sai an tashe ni da ruwan sanyi."

"Kai dai Ƙaton Kai, wutar walda ta ci maka ido har ta zarce ƙwaƙwalwa." Ya yi tari, ya huta. "Wata uku ke nan, duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya karya wuya ya ce 'sannu'. Safe sannu, yamma sannu. Sannu babu wutsiya. Da kuwa ko akuya ce ta bi ta ƙofata, sai ta ce min sannu da aiki."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ranar a shago sai da na liƙa wa ƙofar wani marfi a juye. Da na dawo gida na ɗauko takalmin aikina mai kaurin nan, na sa wuƙa na farke gefen ƙafar dama. Matata ta ce ko na fara taɓuwa ne. Na zagaya na miƙa wa Baduku takalmin.

Ya karɓa, ya juya shi, ya bi wurin da babban yatsa.

"Ƙusa ce ta kama ni," na ce.

"Ƙusa mai ƙota, ko? Ko ƙarya ba ka iya ba." Amma bai miƙo min takalmin ba. Ya ɗora shi a cinya, ya dafe.

A tsakar gida 'yar ta tare ni, idonta ja.

"Kawu, in wani abu ya same shi fa? Kai za ka dawo min da shi?"

"'Yata, abin ya riga ya same shi. Kin fi ni sani, ke kika ga takardar likita."

"Shi kaɗai ya rage min. Uwata ma da ta rasu, haka aka ce na yi sakaci."

Ashe ita ma da nata ciwon take yawo. Na ce, "Ba wanda zai ce kin yi sakaci ina raye a layin nan. Ki ba shi makullin."

Ta daɗe tsaye. Sai ta ciro shi daga aljihun rigar aikinta, ta shiga da kanta.

Aikin da a da yake gamawa kafin mutum ya gama gaisuwa, kwana uku ya yi a kansa. Ya soka, ya huta, ya ja zare, ya huta. Rana ta uku na ɗaga labule na tsaya.

"Sannu da aiki, Baduku."

Ko kai bai ɗago ba. "Yauwa. Matsa, ka tare min haske."

Daga bayana na ji ta ce, a hankali, "Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, uwata. Miƙo min kakin nan."

Washegari da hantsi ina tsakiyar yankan ƙarfe matata ta zo shagon da kanta. Tana tsayawa na kashe inji.

Bayan an kai Baduku makwancinsa, mutane sun watse, na shiga ɗakin. 'Yar ta naɗe katifa, ta kwashe kwalaben magani, ta share ko'ina. Ƙasan taga kaɗai ta bari. Takalmina na nan kan kujerarsa, basilla a tsaye cikin fata, zaren na reto, saura kamar ɗinki uku.