Gwangwanin Ɗan Laushi na Ƙarshe

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Talata Mafara ya san Ɗan Laushi, wani haɗin gyaɗa da zuma da ake shafa wa burodi. Kamfaninsa na bayan tasha, kuma in suka ɗora suya, garin nan kaf sai ya ɗauki ƙamshi. Yau awaki ne ke kwana a ciki.

Mamuda tela kuwa, bawan Allah, bai taɓa ɗanɗana shi ba. Gidansu ba hali, da ya girma ya samu hali, kamfani ya rufe. Ga shi gemu ya yi fari, amma abin na cinsa a rai. In 'yan majalisa suka fara "kai, Ɗan Laushi!" sai ya duƙar da kai yana taka keke.

Rannan sai ga Dinatu daga Bakura, wadda ta yi aiki a kamfanin tana budurwa. Ta ce tana kwashe kayan ɗaki ta tsinci gwangwani guda, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Baban Amira, riƙe," in ji ta, ta miƙa wa Mamuda. "Na san ciwonka."

Mai hankali gida zai kai. Ina! Mamuda ya sayo burodi, ya zauna a ƙofar shago, ya ɓalle murfi. Daidai nan Dogara abokinsa ya iso da 'yan majalisa. Aka shiga gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya ruwa, gwangwani na buɗe a tsakiya, idon kowa a kansa.

To, ɗan mutunci ba ya cin abinci gaban jama'a bai yi tayi ba. Kuma kowa ya san amsar tayi: alhamdu lillahi, mun ƙoshi.

"Bismillanku," in ji Mamuda can ƙasa-ƙasa.

"Awo, wanga ba a ƙi nai!" in ji Dogara, ya naɗe hannun riga.

Wayyo! Dattawa da jikoki, wallahi, suka rufar wa gwangwani kamar kaji a kan tsaba. Mai tayi kuwa ai ba ya wawaso da baƙinsa. Kafin Mamuda ya gama yagar burodi, Dogara ya suɗe har murfin.

Washegari duk majalisar na kwance da ciwon ciki. Abin da ya shekara talatin a gwangwani fa! Mamuda kaɗai ke tsaye garau, shi ya bi gida-gida dubiya. Ya tarar da Dogara a tabarma, buta a gefe, yana nishi.

"Sannu. Amma don Allah gaya mini, ya yake a baki?"

Dogara ya lumshe ido. "Kamar ranar da innata ta fara shafa mini."

"Ai kai Allah ya kiyaye ka, Malam," in ji matar Dogara, tana duban Mamuda.

Mamuda ya share ido da bakin hula. "Wace kiyayewa? Wallahi da ni ne kwance nan."