Rara a Cikin Ɗinki

Nas ta tura takardar gaban Yaya karo na biyu, ta ɗora biro a kai. Ta ce ba za a shiga da Auta ɗakin tiyata ba sai wanda zai mayar da ita gida ya yi jinyarta ya sa hannu. Yaya ta dubi biron, ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

Ita ba sa hannu ya kawo ta ba. Tela ce, shekara ashirin da biyu tana kan keke, kuma ta rufe shago ne yau don ta janye ƙanwarta daga wannan aiki. Tun a mota take faɗa: mutum lafiyarsa ƙalau ya kai kansa a huda masa ciki a zuƙe kitse, sai ka ce ana tsiyaye mai daga jarka. In riga ce ta matse, ai ita ga ta, ta saki ɗinki.

Auta na zaune bakin gado cikin rigar asibiti mai igiya a baya, tana murza yatsunta. Mijinta ya amince, amma aiki ya kai shi nesa. In Yaya ta ƙi, an fasa ke nan.

Likita ta shigo, mace ce doguwa mai gilashi. Ta sa Auta ta miƙe tsaye, ta zaro alƙalami mai shuɗin tawada ta fara zane a cikinta da kwiɓinta, da'ira cikin da'ira. Takan kama fata da yatsu biyu, ta saki, ta ja da baya ta karkata kai. Yaya ba ta san lokacin da ta matso da kujerarta ba. Haka ita ma take yi wa yadi da alli kafin ta sa almakashi.

Likita ta yi bayani tana zane: wannan ba maganin ƙiba ba ne, gyaran siffa ne, za a kumbura, za a yi makonni cikin rigar matsi, kuma kamar kowace tiyata, akwai haɗarinta. Sai ta tambayi Auta abin da take fata.



"So nake a daina yi mini addu'a," in ji Auta.

Likita ta ɗago kai.

Auta ta ce shekara biyar ke nan tun cikin da ya zube, wanda bayansa aka gaya mata ba za ta sake ɗauka ba. Cikin ya tafi, tumbin ya zauna. A bas sai a tashi a ba ta kujera. A kantin maganin da take aiki, tsofaffi kan karɓi ƙwayoyinsu su leƙo ta saman teburin kantin su ce Allah ya raba lafiya. Ita kuwa ta ce amin. Wata rana sau huɗu ta ce amin, sannan ta shiga bayan shaguna ta zauna.

Yaya ta sunkuyar da kai. Duk kayan da ke jikin Auta ita ta ɗinka. Ta san faɗin ƙugun nan fiye da mai shi, ta yi ta ƙara tattara a gaban riga don ya ɓoye, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi abin da ake ɓoyewa ba.

Ta gyara murya. Akwai tambayar da take auna kowane tela da ita, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Likita, duka za ki kwashe?"

"A'a, Hajiya. In na kwashe duka fatar za ta manne ta yi ramuka. Dole in bar wani abu a ƙarƙashi."

"Rara ke nan."

"Me?"

"Rara. Abin da muke bari a cikin ɗinki. Wanda ya yanke yadi daidai jiki ba tela ba ne, mai almakashi ne kawai."

Likita ta yi dariya, ta ce shekara shida ta yi tana koyon abin nan, ashe da shagon ɗinki ta je da ta huta. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta zagaya Auta, ta duba zanen hagu da na dama, ta nuna wani wuri da ta ga kamar ya ɗan fi ɗan'uwansa. Likita ta duba, ta ce jikin ne haka, ba zanen ba. Yaya ta sake dubawa, ta yarda.

Ta ɗauki biro. Rubutunta a hankali yake, don hannunta ya fi sabawa da lambobi, amma ta kai ƙarshe.

Da aka zo tura gadon, Auta ta kama wa Yaya mayafi.

"Yaya, ki ce wani abu mana."

Yaya ta dubi shuɗin zanen da ya leƙo ta gefen rigar, ta dubi fuskar ƙanwarta.

"To," ta ce. "Allah ya raba ku lafiya."

Auta ta tuntsire da dariya har sai da nas ta tsayar da gadon. Wannan amin ɗin da ƙarfi ta faɗe shi.

Ƙofa ta rufe. Yaya ta zauna a benci, ta buɗe jakar Auta ta ciro rigar da ta zo da ita, ta juya ta ciki waje. Ta lalubo tsinken ɓare ɗinki a jakarta, ta fara kwance tattarar gaban, zare ɗaya bayan ɗaya.